Agogon da Na Goge

Litinin, 3 ga Maris
Yau na yi abin kirki, kuma da alama shi zai kashe ni. Auta ta zo da wani tsohon agogon hannu daga shagon gyaran agogo da take aiki, wai za ta kwana biyu tana duba tafiyarsa. Mai maɓalli biyu a gefe: ka danna, allura ta ruga, ka sake dannawa, ta tsaya cak. Na auna mitar uwarta da shi, minti huɗu ba numfashi. Sai na ga jikinsa duk ƙarzuwa. Ni da na shekara talatin ina fentin mota! Tana fita na ɗauko samfefa mai laushi da man gogewa. Ya fito fes, har giɓina na gani a ciki.

Ta dawo, ta duba, ta zauna daɓas a ƙasa. "Baba, me ka yi?"

Talata, 4
Ashe ƙarzuwar ake saya. Wai masu tara irin waɗannan agoguna ba sa son wanda aka taɓa gogewa. Na ce to ni ma na tsufa na ƙarje, a kai ni a sayar. Ko tari ba wanda ya yi.

Laraba, 5
Ta ce wa maigidanta na shago ita ta goge. Mai agogon zai zo Asabar. In ya fusata, ta tattara kayanta. Shekara huɗu tana koyon aikin nan.

Uwarta ta ce, "Yarinya ta ɗauki laifinka, kai kana nan kana kurɓar shayi."

Alhamis, 6
Shayin ma ya ƙi wucewa.

Asabar, 8
Na je shagon. Mai agogon dattijo ne, ba ya ɗaga murya, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Barkwanci uku na shirya a hanya, duk suka gudu suka bar ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Ba ita ba ce."

Ya daɗe yana juya agogon. Ya ce da akwai wani tabo kusa da maɓalli, na matuƙin jirgin da ya fara ɗaura shi. Shekara goma sha ɗaya yana bin sawun agogon saboda tabon nan.

"Malam, ka share mini mutum," in ji shi. Ya sa a aljihu ya fita.

Ba a kore ta ba. An dai mayar da ita canjin batir da maɗauri.

Litinin, 10
Teburin nan na gida da Auta ta fara koyon aiki a kai duk zane-zanen sukudireba ne. Na ɗauko samfefa, na tsaya, na mayar aljihu. Wai hannuna ne ke ciwo.

Na ba dattijo haƙuri, na ba maigidanta. Saura ita. Tana gaishe ni kamar maƙwabci. Sau uku yau na tsaya bakin ƙofarta, duk sanda na buɗe baki sai wasa ya nemi fitowa, sai in haɗiye in juya.