Muciyar Goggo a cikin durona

Talata, bayan isha'i

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Wata da watanni ina fama da danƙon salatif da ke jikin tsofaffin kwalayen da nake jiƙawa ina yin kiret ɗin ƙwai. Ya toshe mini ragar da nake tace ƙullun kwalin da ita, kiret ya fito da huji kamar ɓera ya ci.

Yau na gwada dabarar da ƙanena Sabi'u ya koyo a makaranta: a tsoma faranti biyu na alminiyam a cikin duron da nake jiƙa kwalayen, a jona su da batirin sola. Wallahi ta yi! Kafin la'asar danƙon duk ya taso sama cikin kumfa, saura kawai in kwashe. Na ce bari in yi salla tukuna.

Ina fitowa na tarar da Goggo a kan duron da muciyar tuwo, tana ta haki. "Na ga ƙullunki ya tsinke, 'yar nan, na haɗe miki shi." Ta kuma cire wayoyin, wai kada wuta ta ja ni.

Batiri ya yi sanyi, ga gari a lumshe, babu alamar rana gobe. Jibi kuma Malam Audu mai kaji zai taso daga Randagi a kan babur don ɗaukar kiret, ta wannan dajin, rai a hannun Allah, ya tarar babu komai.

To me zan ce wa yayar mahaifina? Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Goggo." Ta ji daɗi sosai. Ta ce gobe da sassafe za ta dawo ta taya ni.