Lambobin Saje Bitrus a Ƙirjin Ƙanensa

Kafanchan,
Asabar da yamma.

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Na san babu jirgin ƙasa ko motar gidan waya da za ta kai maka wannan takarda, kuma ba za ka taɓa karanta ta ba. Dama da ranka ma in wasiƙa ta zo ni kake kira in karanta maka. Amma in ban amayar da abin da ke cikina ba zai kwantar da ni.

Mama tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ba ya barin ta zuwa zumuntar mata kullum. Ƙanwata Laraba ta sauka, an samu mace, baƙa wuluk mai kunne irin naka. Citta ta yi kyau bana. An sauya wa jiharmu suna, yanzu Jihar Kaduna ake ce mana, ko da yake ramukan hanyar ƙauye ba su ji labari ba. Ƙofar loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, da ka yi shekaru kana gadi an ba wani mai barci a tsaye. Ni kuma ina nan da aji biyar, yara sun cika har bakin taga tunda aka ce makaranta kyauta ce.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Ƙanenka Ishaku ya zama Sarkin Yaƙin ƙasarmu. E, Ishakun da ka sani. Wanda lokacin da dagaci ya zo ɗaukar mutum ɗaya daga kowane gida don yaƙin Bama, sunansa ne ya fito, ya shige rumbun acca ya kwana biyu a ciki, kai da ke da sabuwar amarya ka tafi a madadinsa. Shi aka naɗa wa rawani a fada, da lambobinka huɗu jere a ƙirjinsa. Ko gudun akuya bai taɓa yi da sunan soja ba, amma yanzu in ya fito daga motarsa Fijo mutane sara masa suke yi.

Kafin in zagi kowa, bari in fara da kaina, don da hannuna aka soma ɓarnar.

Bara, ana gobe ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ya zo gida ya zauna a kujerarka. Ya ce wai bai kamata a yi fareti babu kowa daga gidanmu ba, a ba shi lambobinka ya sa don a tuna da yayansa. Har da share ido da gefen babbar riga. Mama ta ji daɗi, ta ɗauko gwangwanin da kake ajiye su tare da takardar sallamarka. Ni na goge su da toka da lemon tsami yadda kake yi. Da safe ni na maƙala masa su, taurarin tagulla biyu, da zagayayyar nan, da ta azurfa mai kan Sarkin Ingila wadda aka ba ka don jarunta. Na sa masa a ƙirjin hagu, don a nan na saba ganinsu a jikinka.

Ashe akwai ƙa'ida, Baba. Kofur Garba mai goro, abokinka da kuka sha ruwan Bama tare, shi ya tare ni a bakin tasha bayan fareti. Bai ko amsa gaisuwata yadda ya saba ba. Ya ce, 'yata, wa ya ɗaura wa wannan mutumin kaya? Ya ce hagu na wanda ya je ne, wanda ya ji ƙarar harsashi da kunnensa. Ɗan'uwan mamaci in zai sa, a dama yake sawa, don kowa ya gane aro ne, na wani ne da ya riga mu. Ya ce ko kurtun da ya shiga soja jiya ya san wannan. Ni malamar makaranta, 'yar Saje, ban sani ba.

Na ce kuskuren yini ɗaya ne, zai wuce. Ban san Ishaku ya bi ta shagon mai hoto a hanyar kasuwa ba. Hoto ya fito, ya ƙame ya turo ƙirji, aka manna a gilashin shago, aka rataye babba a falonsa. Da na je karɓar gwangwani ya ce shi ne babban gida yanzu, kayan tarihi a wurinsa ya kamata su zauna. Yaran da ke masa aikin kwangilar ginin azuzuwa suka soma kiransa Saje. Ka zaci ya hana su? Murmushi yake yi yana ɗaga hannu.

Bana Sarki ya ce zai karrama 'ya'yan ƙasa da suka yi wa jama'a aiki, da waɗanda suka yi soja tun daga yaƙin Turawa har na basasa. Niyya mai kyau ce, kuma ban ga laifinsa sosai ba, yaro ne, lokacin da kuka tafi ko tafiya bai fara ba. Abin da aka kai gabansa shi ya gani. Amma waɗanda suka zauna suka tsara sunayen fa? Hedimasta na ciki, wanda uwarsa ce ta riƙa kai wa Ishaku kunu a rumbu. Fasto na ciki, wanda ya tsaya a kan kabarinka ya ce kai sojan Sarki ne kuma sojan Almasihu. Dattawan ikilisiya biyu na ciki, sa'anninka. Duk sun sani. Sai dai kwanon da ke kan sabuwar majami'a Ishaku ne ya sa, kuma da alama in ruwa na dukan kwano ba a jin muryar gaskiya.

Na je bikin. Da ma ban je ba. An kafa rumfuna a ƙofar fada, masu ƙaho na busa, matan zumunta sun yi anko. Sakataren fada ya miƙe ya karanta takardar yabo. Ka san me ya karanta? Labarin kogin nan. Yadda aka yi muku kwanton ɓauna, yadda Saje ya goya hafsansa da aka harba ya haye da shi ruwa har wuya, ya koma ya ɗauko mutum biyu. Ɗayansu Kofur Garba ne, yana zaune a benci na uku da tabon a cinyarsa. An karanta komai daidai, ba a rage ko ruwan ba, sunan kawai aka sauya. Ishaku ya durƙusa, aka naɗa masa rawani, aka miƙa masa takarda a cikin gilashi. Da aka ba shi lasifika cewa ya yi ba ya son tuna waɗancan kwanaki, suna tayar masa da hankali. Mata har da masu hawaye.

Mama Tabita ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin mutanen da ke filin nan, ta taka daga ƙauye zuwa ƙauye shekara da shekaru, sai da aka fara kwashe kujeru aka tuna da ita. Aka ba ta kwanon sha da turmin atamfa, lasifika ma ta mutu. Tsofaffin sojojin gaske kuwa kiran sunansu aka yi a dunƙule kamar ana kiran rajistar aji.

Kofur Garba kuwa miƙewa ya yi. Ana cikin naɗin ya kwance lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu, ya ɗauki sandarsa ya bi ta tsakiyar fili ya fita. Ni kuwa ina zaune kusa da Mama a rumfar iyali. Da kowa ya tafa, na tafa, Baba. Aka kawo shinkafa da naman akuya na ci.

Me ya sa ban san zancen hagu da dama ba? Don ban taɓa yarda in saurare ka ba. Wannan ne abin da na daɗe ina ɓoye maka. Ka tuna ranar da ka zo duba ni a kwalejin horon malamai? Ka sa tsohon kakinka da ya sha faci, ka jera lambobinka, ka riƙo rake da ƙullin gyaɗa. 'Yan ajinmu, 'ya'yan akawuna da fastoci, suka tambaye ni wane ne wannan tsoho mai marafan kwalba a ƙirji. Na ce maigadin tashar garinmu ne, an aiko shi da saƙo. Kana tsaye taku kaɗan daga wurin. Ka miƙo mini raken, ka ce in yi karatu da kyau, ka juya. Ka ji ni ko ba ka ji ba? Ba ka taɓa tayar da maganar ba har ka tafi, ni ma ban taɓa ba. Kunyarka nake ji a lokacin. Ina ganin lambobin nan ba su saya maka komai ba sai benci a ƙofar loko. To in 'yarka ta cikinka ta musanta ka don ƙawaye, da wane baki zan tsine wa Fasto?

Duk da haka ban haƙura ba. Na sami Kofur Garba a rumfarsa yana yayyafa wa goro ruwa. Da farko ƙin kallona ya yi. Da ya ga na durƙusa na ƙi tashi, sai ya ce akwai hanya ɗaya. Sauran ukun ba su da suna, kowa ya tsinta na iya sawa. Amma ta azurfar, ta jaruntar, a kan bakinta an zana sunanka da nambarka ta soja, tun daga Ingila. Ya ce in na kawo ta, shi da kansa zai raka ni fada, ya ɗaga wandonsa ya nuna wa Sarki tabon, a karanta sunan a gaban kowa.

Mama ta roƙe ni in bari. Ta ce Ishaku ne uban da ya rage mana, shi zai tsaya a auren ƙannena, shi zai tsaya ranar da za a sa ta a ƙasa. Ta ce kai ba ka taɓa tona masa asirin rumbu ba, don me ni zan tona? Na ce mata kai ka ba shi shekarunka huɗu da son ranka, amma ban ji ka ce ka ba shi sunanka ba. Ta yi kwana biyu ba ta ci abincin da na dafa ba.

Ranar Lahadi bayan sujada na wuce gidansa. Na shirya faɗa, har na haddace abin da zan faɗa tun a hanya. Na same shi a falo ƙarƙashin hoton nan, fanka na kaɗa masa rawanin da ya ajiye a kan rediyo. Ko gama magana ban yi ba ya yi dariya, ya ce ashe don wannan ne nake ta kumbura fuska a coci. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin ya ɗora mini a cinya. Ya ce in tafi da su, shi yanzu takardar Sarki ta ishe shi. Har ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Ya kamata saurin nan ya sa in yi tunani, amma murna ta rufe mini ido.

Kai tsaye na nufi rumfar Kofur Garba. Ya goge hannu, ya ɗauki ta azurfar, ya juya ta a rana, ya bi bakinta da babban yatsa. Ya sake bi. Sannan ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba. Sumul take, Baba. An goge ta tas, sai ƙyalli. Daga baya muka ji wani maƙerin azurfa a bayan 'yan citta ya yi aikin, tun kafin bikin fada, aka ce masa wai tsatsa za a cire. Takardar sallamarka kuma ba ta cikin gwangwanin. Da na aika tambaya, cewa aka yi gara ta cinye.

Na ce a kai wa maƙeri ya mayar da sunan. Kofur Garba ya ce in aka ga sabon zane mu za a kira ɓarayi, kuma suna ba namba ai Bitrus sun fi ɗari a ƙasar nan. Ya ce amma in muna da nambar, akwai ofishin 'yan mazan jiya a Kaduna, da ita ake buɗe tsohon littafi a ga mai ita. Shi tasa kawai ya riƙe, tsufa ya tafi da sauran. Mama ba ta san ƙidayar Turanci ba. Sai ya dube ni ya ce, ke fa 'yata, ai ke ce mai ilimin gidan.

Sau nawa ka faɗi nambar nan a gabana? In ka sha ɗan burkutunka ranar kasuwa sai ka ƙame a tsakar gida ka rera ta da Turancin bariki, ƙannena na dariya, ni kuwa in shige ɗaki in ja ƙofa don kada maƙwabta su gan ni tare da kai. Kwana shida ke nan ina neman ta a cikin kaina. A aji, a kan hanya, a bakin murhu. Ina jin muryarka sarai, ina ganin yadda kake buga ƙafa. Uku na farko sun zo mini. Daga nan sai ƙarar ƙofar da nake rufewa.

Na rubuta ukun a bangon Littafi Mai Tsarki, na bar fili a gabansu. Gwangwanin na ƙarƙashin gadona. Gobe akwai godiya ta musamman a majami'a don sabon Sarkin Yaƙi, an ce iyali su zauna a gaba. Na gaya wa Mama ba za ni ba.

Ka yafe mini zancen maigadi, Baba. Sauran kuma ban san yadda zan roƙe ka ba. Ka huta lafiya, sai mun sadu.

Ni ce 'yarka ta fari,
Rifkatu Saje Bitrus