Inda Za Mu Sauka a Unguja

Dodoma, 4 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana Baba Kheri,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aikin tashar jirgin ruwa, ya zaman Mwanza babu mu? Mu nan lafiya lau. Ɗanmu Kheri ya zubar da haƙorin gaba, ƙanwarsa Riziki kuma ta koyi hawa tebur, Allah dai ya kyauta.

Albishirinka! An sa hannu a takardar hutuna, kwana goma a tsakiyar Disamba, daidai da naka. In ka cire kwanakin jirgin ƙasa da na ruwa, saura biyar cif. Kwana biyar ɗin nan a tsibirin Unguja za mu yi su, kada ma ka fara ce mini sai baɗi. Shekara shida da aurenmu ban taɓa taka garinku ba, yayarka kuwa ban san ta ba sai a hoton nan da ya koɗe. Yarinya ta ci sunanta amma ba ta san fuskar takwararta ba, abin nan yana damuna wallahi.

Masauki na riga na zaɓa: otal ɗin da yayar taka, Dada Riziki, take manaja, a ƙauyenku Uroa. Wata likita a asibitinmu ta sauka can bara, ta kawo mini takardar tallarsu. Ka ga ɗakunan kuwa? Tun da na gani na kasa zama wuri ɗaya, ko ina karɓar haihuwa teku nake hangowa. Likitar ta ce ba ta haɗu da Dada ba, na ce mata ai manya ba sa yawo a fili. Kada ka kawo mini zancen tsada, ni ce da kwasar adashi a Nuwamba.

Ka ba ni amsa da wuri, ka san ni da gajen haƙuri.

Taka,
Zuhura

Mwanza, 13 ga Oktoba

Zuwa ga Mama Kheri,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Takardarki ta iso, na kuma fahimci dukkan abin da ke cikinta.

Batun zuwa Unguja na amince. Batun otal ne nake so mu sake dubawa cikin natsuwa. A Disamba wurin cike yake da Turawa, suna yawo a bakin ruwa kusan tsirara, kin kuma san Kheri da tambaya. Abincinsu ba gishiri ba yaji. Sannan lokacin ne aiki yake yi wa Dada yawa, in muka sauka a wurinta takura ta kawai za mu yi, ta rasa ko mu za ta kula da mu ko baƙinta.

Akwai wani abokin aikina, Bwana Shaame, ɗan'uwansa yana da gida a Jambiani da yake ba masu hutu haya. Ɗaki uku ne da tsakar gida da rijiyarsa, taku kaɗan ki kai bakin teku. Masunta suna kawo kifi har ƙofa da safe. Babu mai ce miki ga lokacin cin abinci, babu mai hararar yara in sun yi ihu. Dada sai ta zo ta same mu can a tsanake, mu wuni tare. Na ce masa ya riƙe mana gidan kafin in ji daga gare ki. Ko kuma, in Jambiani bai yi miki ba, a nemi wani gidan a cikin gari. Ko ma mu tsaya a Bagamoyo, ba sai mun ƙetara tsibirin ba, ai can ma teku ne.

Ki yi tunani a kai. A shafa mini kan yara.

Naki,
Makame

Dodoma, 21 ga Oktoba

Baba Kheri,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai takardarka ta ɓata mini wuni guda.

Bagamoyo? Haba Makame! Ina ce maka garinku kana ce mini can ma teku ne. Jambiani kuwa na tambaya, an ce daga Uroa sai mutum ya shiga gari ya sake mota kafin ya kai. Wato ka samo mana gida mafi nisa da yayarka a duk faɗin tsibirin, kana kuma cewa don kada a takura ta.

Gida da rijiyarsa, in ji ka. Wa zai ja ruwan? Masunta su kawo kifi har ƙofa, wa zai kankare shi? Wa zai goge kwakwa, wa zai hura gawayi, wa zai wanke tukwane? Ni dai Zuhura. Kai kana kwance a inuwa kana cewa kai, hutu da daɗi. In haka ne ai gara in zauna a Dodoma, tukwanena ma sun fi sanina. Ni kwana biyar nake roƙo a duniyar nan in ci abincin da ban san wanda ya dafa ba, in tashi in bar gado a hargitse wani ya zo ya gyara. Wannan ya yi yawa?

Ni ban gane maka ba. Duk ranar da aka ambaci otal ɗin Dada sai ka hau kame-kame. Ko kun yi faɗa ne ba ka gaya mini ba? To na hutar da kai. Jiya na rubuta mata da kaina, adireshin yana jikin takardar tallar. Na sa a bayan ambulan, zuwa ga Manaja, Bi Riziki Vuai, don kada ta ɓata a hannun ƙananan ma'aikata. Na roƙe ta ta ajiye mana ɗaki mai kallon teku. Ka sallami Bwana Shaame da gidansa.

Ka huta lafiya,
Zuhura

Mwanza, 28 ga Oktoba

Zuwa ga yayata abar girmamawa, Dada Riziki,

Shikamoo, Dada. Na durƙusa ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, ya ƙafar taki, ya mutanen Uroa?

Dada, hankalina a tashe yake, takarda ta uku ke nan ina rubutawa ina yagawa. Wata wasiƙa tana nan tafe otal ɗinku da sunanki, daga matata. Don girman Allah ki je wurin akawu ki karɓe ta kafin ta shiga ofis.

Ga yadda abin yake. Lokacin da na je neman auren Zuhura, mahaifinta, tsohon alƙali ne, ya zaunar da ni a gaban 'yan'uwansa yana tambayar dangina ɗaya bayan ɗaya. Na ce yayata ce ta raine ni, tana aiki a otal. Ya ce wane aiki? Wallahi Dada bakina ne ya riga ni, na ji na ce manaja. Na yi niyyar gyarawa bayan biki, sai wata ya wuce, sai shekara, har abin ya fi ƙarfina.

Yanzu ta dage sai mun zo hutu a Disamba. Na samo gidan haya a Jambiani, zan san yadda zan shawo kanta. Abin da nake roƙo, ki nemi hutu a makon, zan aiko miki da sababbin zannuwan kanga da takalmi, ki zo mana can a matsayin babbar baƙuwa. Kwana biyar ne kawai, Dada. Ki rufa mini asiri.

Ƙaninki mai biyayya,
Makame

Uroa, 9 ga Nuwamba

Makame,

Assalamu alaikum. Gaisuwarka ta iso, na ajiye ta, ban amsa ba tukuna.

Takardarka ta makara da mako guda. Ranar Talata ina ɗaki na sha huɗu ina cire zanen gado aka ce manaja yana kira. Na same shi da ambulan a hannu. Baturen ba ya jin harshenmu sosai, sai ya miƙa wa akawu ya karanta yana fassara masa, da ƙarfi, ƙofa a buɗe, masu shara biyu suna tsaye a baranda. Da aka gama ya dube ni ya ce, “In ke ce manajar, ni kuma mene ne a nan?” Ya tambaye ni ko yawo nake a gari ina ce wa mutane ni ce mai otal ina yi musu alkawarin ɗakuna. Na rantse masa da Allah. Ya ce wannan karon gargaɗi ne. Shekara bakwai ina aiki a wurin nan ko cokali ba a taɓa nema a hannuna ba, sai ga ni ina rantsuwa a gaban yaran da na haifi kamarsu.

Yanzu a ɗakin wanki ba ni da suna sai Manaja. “Ranki ya daɗe Manaja, ga tawul ɗin ɗaki na tara.” Ina dariya tare da su, ya zan yi.

Duk wannan bai ƙona ni ba kamar layi ɗaya a takardar matarka. Ta ce, “Makame kullum yana alfahari da ke.” Da wa kake alfaharin? Da wata mata dai da ka ƙera a gidan alƙali. Ni wadda ta jiƙa ɓawon kwakwa ta murza igiya har tafin hannunta ya mutu don ka yi makaranta, ba ka taɓa ambatonta ba. Na yi kuka, Makame, ban ɓoye maka ba.

Kana ta aunawa, otal ko gidan haya, otal ko gidan haya. Yaushe aka taɓa ji a tsibirin nan ɗan gari ya dawo gida ya kama haya, yayarsa tana da rai? Ɗaki biyu da rumfa da rufin ganyen kwakwa, inda aka yanke maka cibiya, ko cikin lissafinka bai shigo ba.

To ka ji nawa. In kun sauka a otal zan gyara gadonku kamar na kowa. In mun haɗu a hanya zan raɓe gefe in sunkuyar da kai, haka dokar wurin take, sai in ga yadda za ka wuce yayarka ba gaisuwa. Jambiani kuwa ƙafata ba za ta taka ba. Kanga ka riƙe abinka, ina da na sawa.

Takardar matarka tana cikin akwatina. Yarinya ce mai ladabi, ta cancanci amsa, ni kuma ban iya ƙarya ba ko a baki balle a takarda. Ƙarshen watan nan zan rubuta mata. Ka san abin da za ka yi kafin nan.

Wassalam,
Riziki binti Vuai

Mwanza, 18 ga Nuwamba

Zuhura,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta, kada kuma ki karanta a wurin aiki.

Dada ba manaja ba ce. Gyaran ɗakuna take yi a otal ɗin, shara da shimfiɗa da kai kaya ɗakin wanki. Ni na yi wa mahaifinki ƙarya, na yi miki, shekara shida. Ba faɗa muka yi ba, kunyar aikinta nake ji, aikin matar da ta ciyar da ni. Takardarki ta faɗa hannun manajan gaske, an karanta ta a gaban mutane, saura kaɗan ta rasa aikinta. Ke ba ki da laifi ko kaɗan.

Zancen Turawa da gishiri da Bagamoyo duk tsoro ne. Tun da amsarta ta zo na kasa zama a ofis, sai in fita in zagaya tashar in dawo in sake fita. Na ce wa Bwana Shaame ya saki gidan. Ban san inda za mu sauka ba, ban ma san ko har yanzu kina son tafiya da ni ba. Ga adireshin da takarda take samunta a gida, ta hannun makarantar Uroa, na rubuta a ƙasa.

Ki yafe mini in kin iya.

Makame

Dodoma, 25 ga Nuwamba

Zuwa ga Dada Riziki,

Shikamoo, Dada. Ni ce Zuhura, wadda ta jawo miki abin da ya faru. Ɗan'uwanki ya faɗa mini komai. Don Allah ki gafarce ni.

Kunya ta hana ni sakat. Ni ce na rubuta masa da hannuna cewa burina in bar gado a hargitse wani ya gyara, ban san ke ce wanin ba. Ni ma aikina wanke jini ne da kwashe ƙazanta, da ya faɗa mini gaskiya tun farko da ba abin da zai ragu.

Na fasa otal, gidan haya kuwa dama ban taɓa so ba. In akwai wurin shimfiɗa tabarma a gidanki, ni da Kheri da takwararki muna roƙo. Na iya goge kwakwa, bakina ne kawai ya fi hannuna sauri. Shi ban ba shi amsa ba tukuna, raina bai huce ba. Amma jirgi ɗaya za mu hau, ban san yadda zan yi da shi ba in mun iso.

Ƙanwarki,
Zuhura

Uroa, 3 ga Disamba

Zuhura 'yata,

Marahaba, na amsa gaisuwarki. Na yafe, dama ba ki yi mini komai ba.

Ku zo. Na nemi hutun kwana biyar an ba ni uku, za su ishe mu. Ke da yara ɗakin ciki, kuma ba za ki taɓa mini tukunya ba, hutu kika zo. Ku sauka a gindin mangwaron makaranta, kowa ya san gidana.

Shi kuwa ki ce masa kada ya biyo bayanku ya shige kamar ba komai. Ya tsaya a bakin ƙofa da rana tsaka, maƙwabta suna gani, ya yi sallama ya faɗi ko shi ƙanin wace ce, da aikin da take yi. In na gane muryar zan amsa.

Allah ya kawo ku lafiya.

Riziki