Gyaran da Kika Yi wa Babanku

Kada ki kuskura ki karanta wannan takarda rabi ki ajiye, kuma kada ki kira ni kina kuka, don ba zan ɗauka ba.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarku. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma ba ki hankalin da karatu bai ba ki ba. Mu nan kalau muke, ƙafar kakarki ta yi sauƙi, Auta ya ci jarrabawa. Babanku ne kawai ba daidai ba, kuma aikinki ne.

Kin san ma'aikatarsu ta shirya masa taron sallama da ya yi ritaya, aka ce zai yi jawabi da Turanci. Bawan Allah ya yi ta maimaitawa a gaban madubin ɗakina, har ya ɗauki muryarsa ya tura zauren danginmu na waya don ki ji ki yi alfahari. Me kika mayar masa? Darasi. Wai kalmar present, in kyauta ake nufi farkonta ake dannawa, in miƙawa ake nufi sai a danna ƙarshe. Wai record ma haka take, shi kuwa duk ya yi musu kuɗin goro. Kika kwaikwayi muryarsa, mijinki na ƙyalƙyala dariya a bayanki. Kowa ya ji, har surukai.

Ni ma na zauna a aji, Malama, an koya mana wannan. Tun kafin a haife ki nake jin yana faɗinsu a karkace, ban taɓa ɗaga kai ba, domin da karkataccen Turancin nan ya ciyar da ku.

Ranar taron ɗaki ya cika, ya miƙe cikin sabon ɗinkinsa, yana tafiya tiryan-tiryan har ya iso kan kalmarki. Ya faɗa, ya tsaya, ya dube ni. Ya sake faɗa wani iri, ya kuma sakewa. Wani a baya ya tuntsire da dariya. Ya ninke takardar jawabin, ya ce ya gode, ya zauna. Agogon bangon da suka ba shi yana nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado. Jiya Auta ya kawo masa aikin makaranta, ya ce a kai wa masu ilimi.

Kin manta ke ce mai in'ina har ajin ƙarshe na firamare? Shi yake ɗora ki a cinya, ya jira ki haifo kalma guda, bai taɓa ƙarasa miki ba. Ashe harshen da ya warware, da shi za a yanka shi. Da na sani da na roƙi Allah ya bar miki in'inarki. Hotonki na gama jami'a na sauke shi daga falo, ƙusar ta fi dacewa da kalanda. Babanku ya ce kada in rubuto miki, wai yarinta ce. Shi ne mai haƙuri, ba ni ba.

Kakarki tana gaishe ki, gwaggonki da Auta ma haka. Ki shafa mini kan jikata. Mijinki kuwa, dariyarsa ta ishe shi gaisuwa.

Ni ce mahaifiyarki, ga kuma dokar gidana daga yau. Na sa an cire ki daga zauren dangi. Muryarki ba za ta isa kunnen babanku ba sai ta bi ta nawa. Ranar da kika zo kuma, ki tuɓe Turancinki a bakin ƙofa tare da takalminki.