Gashin da Ka Cire Daga Jirginmu

Baban Chizuru, maigidana, garwashin da nake ɗumama hannuna da shi cikin hunturu, hasken farko da ke sauka kan tafkin Biwa kafin agwagin ruwa su farka, inuwata, gishirin miyata,

Idan ka ga layukan nan sun karkace, ba rashin ƙwarewa ba ne kaɗai, har da abin da ke raina. Shekara talatin da huɗu muna zaune ban taɓa rubuta maka ko kalma ɗaya ba, don sai da na haura hamsin na koyi riƙe alƙalami, kuma me zan rubuta wa mutumin da nake zuba wa shayi kullum? Yau dole ce ta sa. Idan na buɗe baki kuka zai riga magana fitowa, kai kuma ka ce, "Ke, miyar nan ta huce," ka juya wajen talabijin.

Jiya da ka hau jirgin ƙasa zuwa Nagahama karɓo farfelar jirginmu na kamun kifi da aka kai gyara, na gangara tashar jiragen ruwa in rage maka aiki, tunda saura kwana huɗu a buɗe kamun kifin biwamasu. Na kankare gansakukar da ta manne a ƙasan jirgin, na wanke akwatin ƙanƙara, na goge sandunan kamu takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Da na taka katakon ƙarƙashin sitiyari sai na ji ya lotsa. Wata nawa ina ce maka ya ruɓe kana cewa a bari? Sai na kira tsoho Genzo kafinta. Ya zo yana tsiya kamar kullum: "Fusae, mijin nan naki kifi yake kamawa ko laimar kwaɗi yake nomawa a nan?" Ya sa ƙarfe ya ɓamɓare katakon, ya leƙa ƙarƙashinsa. Can ya ce, "Zo ki gani."

Ramin ran jirgi ne, maɓoyar abubuwan da ke tsare jirgi da mai shi, wanda Genzo da kansa ya sassaƙa ranar da aka gama ƙera jirgin. 'Yan tsana biyu na takarda suna nan. Ƙullin hatsi yana nan. Gashina da na yanke aka sa a ciki babu!

Na ce ɓera ne. Genzo ya ce, "Ɓera ba ya mayar da murfi ya buga sabuwar ƙusa. Na tsufa a aikin nan, 'yar nan. Ban taɓa ganin namiji ya cire gashin matarsa daga jirgi ba sai in zai sayar da shi, ko in ya daina sa ran dawowa da shi. Ya yi miki maganar sayarwa?"

Ba ka yi ba, Baban Chizuru. Mai shirin sayar da jirgi ba ya kai farfela gyara.

Sai na shiga bincike kamar wadda ta zautu. A ƙarƙashin gwangwanin ƙugiyoyi na sami takardar likita an ninke ta huɗu. Ka ɗauka har yau ni ce waccan mai miƙo maka takarda ta ce karanta min? Na kifa bokiti na zauna a kai, na bi ta da yatsa harafi harafi. Zuciya na gani. Bugun da ke tsallakewa na gani. Kada ka tuƙa mota ko jirgi kai kaɗai, shi ma na gani. Kalma ɗaya ce ta gagare ni, na nuna wa Genzo. Ya cire hularsa kafin ya ce, "Suma."

Watan Agusta aka rubuta ta. Wayyo ni Fusae! Ashe duk Satumban nan da nake cusa maka curin shinkafa a jaka ina ce maka a dawo lafiya, mutumin da ke iya faɗuwa kowane lokaci nake rakawa bakin ruwa? Ashe ranar da ka dawo da rauni a goshi ka ce ƙofar ɗakin inji ce ta buge ka, ni kuma na yi ta yi maka faɗan garaje, suma ka yi? Kai kaɗai, a tsakiyar ruwan da ko gaɓa ba a hangowa? Yaya aka yi ka tashi? Wa ya tashe ka?

Ban san yadda na hau tudu na isa gida ba. Na buɗe aljihun teburin da muke kunna wa iyayenka da suka rasu turare, sai ga shi: gashina baƙi wuluk, na yarinya 'yar ashirin da huɗu, ka naɗe shi a sabuwar takarda ka rubuta sunana a kai da hannunka. Na gane nufinka, ya kai mai taurin kai. Ka ce a ranka idan tafki ya ci jirgin, kada ya haɗa da ni. Haba, masoyina! Wannan ce ƙaunar? Ka fitar da gashina ka ajiye a tudu, ni mai gashin ka bar ni cikin duhu?

Ka tuna ranar da aka tura jirgin nan ruwa? Furannin bakin gaɓa suna zuba kamar dusar ƙanƙara mai ɗumi. Ba a sami almakashi ba sai na yankan zaren kamu, mai ƙarnin kifi. Na kama gashina zan datse, ka sunkuyo ka ce, "Ke, kaɗan ya isa, ba jirgin yaƙi ba ne." Na ƙi ji, na yanke cike da hannu, har mahaifiyarka ta ce kaina ya koma na kazar da ta sha ruwan sama. Da yamma ka dawo da biwamasu guda ɗaya tal, jikinsa na sheƙi kamar sabon cokali, namansa ja kamar faɗuwar rana a bayan duwatsun Hira. Ka ajiye shi gabana ka ce, "Gashinki ne ya kamo." A iya zamanmu ba ka taɓa faɗa min magana mai daɗin wannan ba, ni kuwa ta ishe ni shekara talatin da huɗu. Ita ce ka sa guduma ka zare?

Kada ka ce ban san aikin ba. Ban hau jirgi ba, amma kunnena ya sha labarinsa a kan tabarmar cin abinci. Mai jan ƙugiya ba ya kashe inji. Jirgin tafiya yake a hankali kamar tsohuwa mai zuwa kasuwa, yana jan zaruruwa a bayansa can ƙasan ruwa mai sanyi. Idan sanda ta lanƙwasa sai ka saki sitiyari ka koma baya, ka leƙa rabin jikinka waje da komar ɗebo kifi a hannu. To idan jirin ya zo a daidai nan fa? Jirgin ba shi da ido, Baban Chizuru. Ba zai waiwayo ba. Haka zai ci gaba da tafiyarsa da sanduna takwas a miƙe, shayinka bai ko huce ba, har mai ya ƙare. Kai kuma cikin ruwan Disamba. Da bakinka ka ce min ko saurayi ba ya minti goma a cikinsa. Tun jiya wannan jirgin nake gani. In na ɗaga murfin tukunya shi nake gani, yana tafiya ba kowa a ciki.

Na so in ce ka daina fita. Na rubuta hakan, na yaga takardar. Wa ya taɓa raba agwagwar ruwa da ruwa ta yi ƙiba? Wata biyun nan da aka rufe kamu don kifi ya yi ƙwai, dubi yadda ka zama, kana zagaya gida kamar kuren da aka rufe a keji, kana gyara abin da bai lalace ba. Idan na tsare ka a tudu, a hankali zan rasa ka maimakon lokaci guda. Na san wannan.

Saboda haka ka saurari abin da na yi, don na riga na yi shi.

Na mayar wa Genzo gashin, na ƙara masa da na yau, fari fat. Ya sa su tare, ya rufe da sabon katako, ya zuba giyar shinkafa a kai. Ya ce in gaya maka duk wanda ya sake taɓa ƙusar nan, da shi zai yi.

Na biyun shi ne mai wuya. Shekara uku ke nan da 'yarmu Chizuru ta ci jarrabawar tuƙin jirgi ta zo tana tsalle, ni kuwa na zauna a bakin ƙofa ina kuka na ce sai dai ta tsallake ni. Ta ce, "Mama, ruwa ne fa, ba wuta ba." Na ɗauke takalmanta na roba na ɓoye. Kai kuma ka fake da maganar tsofaffi, wai ran jirgi mace ce, ba ta son wata mace a kanta. Ni da kai mun san ba ka yarda da wannan ba. Don ni ka faɗa, don kada ta tsane ni ni kaɗai. Ita ɗaya gare ni. Yarinyar da ko zazzaɓi ta yi sai in kasa haɗiye abinci, ita zan miƙa wa tafki?

Yau da safe na same ta a rumfar da ake gyaran kifi, na nuna mata takardar. Na zaci za ta rushe da kuka. Sai ta goge hannu a riga ta ce, "Tun Satumba nake ganin Baba yana dafa bango in ya miƙe. Na ɗauka kin sani kina ɓoye min ne." Ka ji! Gida ɗaya, mutum uku, kowa yana lallaɓa kowa, mutuwa kuma tana zaune tsakaninmu tana shan shayi! Sai ta dube ni ta ce, "To, Mama. Ina takalmana?"

Suna bayan buhunan shinkafa. Da hannuna na ciro su, na kakkaɓe, na wanke. Ga su nan a bakin ƙofa kusa da naka, inda za ka tarar da wasiƙar nan.

Ya ruwan da nake sha, ya iskar da ke busar min da gumi a gona, ban taɓa roƙonka komai ba, ko ɗankunne. Yau ina roƙo. Ran ɗaya ga wata ka tafi da ita. Ta riƙe sitiyari, kai ka riƙe koma. Ka yi mata faɗa in ta karkace, za ta rama, jininka ce. In jiri ya zo, a sami hannun da zai kashe inji ya cafko wuyan rigarka. Kada ka ce min a'a don tausayina, tausayin nan naka ya kusa mayar da ni gwauruwa ban sani ba. Zan tsaya a tasha in ga kun fita ku biyu, duk abin da na mallaka a duniya cikin jirgi ɗaya. Ba zan ci abinci ba sai na ji ƙarar injinku. Na yarda. Gara in ji tsoro ninki biyu ina sane, da in yi ta daka maka shinkafa cikin kwanciyar hankalin ƙarya.

Taka ce ni tun gashina yana baƙi, taka ce yau da ya yi fari, kuma taka zan kasance har ranar da tafkin nan zai ƙafe a shuka shinkafa a cikinsa.

Matarka,
Fusae