Kaburburan da Shayi Ya Rufe

Gonar Shayi ta Ardenlo, Layin Sama
Yuni, 1998

Zuwa ga ƙanena Sinniah,

Tambi, ƙanena, gaisuwa mai yawa daga yayarka Kanagam. Mahaifiyarmu Amma tana sa maka albarka, maigidana Kitnan da yara suna gaishe ka. Muna lafiya, sai ruwan sama da matsattsaku da suka addabe mu a gangare. Mariyamman, uwar da muke bauta wa, ta tsare mana kai a Colombo.

Kada ka ƙara aiko wasiƙa ta ofishin gona. Ta ƙarshe ta iso ni an buɗe ta, an sake liƙewa da dafaffiyar shinkafa. Ka aiko ta hannun Muttu tela na kasuwa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kamfani zai mai da tsohon gidan manajan Turawa otel, baƙi su zo su sha shayi a baranda suna kallonmu da kwanduna a baya. Wannan bai dame ni ba. Sai dai sun kafa turaku da jan ƙyalle a gangaren da muke binne mutanenmu, wai nan hanya za ta bi, nan motoci za su tsaya. Kabarin mahaifinmu Appa yana tsakanin turakun.

Mu mata biyar muka je wurin manaja. Bai ce mu zauna ba. Ya shimfiɗa taswirar da Turawa suka bari, ya ce, "Ku nuna mini kabari a nan. Shayi kawai nake gani." Tsohuwa Pechi ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya zana ta ai bai taɓa zuwa mana jana'iza ba." Alhali maƙabartar Turawa ta bayan coci an yi mata sabon fenti, har dutsen kabarin karen manaja an wanke shi da sabulu.

Tun kakannin kakanninmu aka kwaso mu daga Indiya don wannan ganye. Ɗakin da muke kwana na kamfani ne, yanzu ramin ma an ce ba namu ba ne. Mun fara taruwa a ɗakin bauta bayan an tashi aiki.

Kai ka ɗauki Appa a kafaɗa. Shayi ya rufe wurin, ni da Amma mun kasa yarda da juna. Ka faɗa mini daidai inda yake. In da hali ka zo.

Yayarka,
Kanagam

Colombo
Yuli, 1998

Zuwa ga Akka, yayata mai girma,

Ina gaishe ki da ladabi, ina taɓa ƙafafun Amma. Ina lafiya, maigidana Nadesan mai kantin shinkafa yana riƙe ni da kyau.

Akka, tun da na karanta wasiƙarki abinci ya daina yi mini daɗi. Kin san lokacin da muke ciki? A nan ko bas na shiga, soja ya karanta sunana a katin shaida, sauko da ni ake yi. Makon jiya na wuni tsugune a bakin shinge, hannu a ka, don kawai ni Batamile ne. Na ce musu ni ɗan gonar shayi ne, ban taɓa ganin arewa inda ake yaƙin ba. Wani ya ce duk jininku ɗaya. Yau Tamilawa uku suka tsaya wuri guda, taron 'yan tawaye ne. Ke kuma kina tara mata a ɗakin bauta!

Kin manta shekarar da aka ƙone Layin Ƙasa, muka ɓuya cikin shayi kin toshe mini baki da zanenki? Ni ban manta ba. Appa ya huta, nauyin mota ba zai dame shi ba. 'Ya'yanki kuwa suna buƙatar uwa.

Tunda kin tambaya: ki tsaya a bakin rafi ki ba ma'aikatar shayi baya. Akwai dutse mai tsagewa a tsakiya. Appa yana ƙasa da shi, kansa wajen dutsen. Ki kunna masa fitila ki koma gida.

Zuwa ba zai yiwu ba, sai da takardar 'yan sanda, kuma neman ta kansa jawo ido ne.

Ƙanenki mai biyayya,
Sinniah

Layin Sama
Agusta, 1998

Tambi,

Gaisuwa. Amma ta ce in faɗa maka ita ce da gaskiya kan dutsen, kuma ta ce tun kana yaro ko kaza ta yi fiffike sai ka ruga bayanta. Na ga Colombo ba ta canza ka ba.

Na kunna fitilar, sai dai ban koma gida ba. Ranar Lahadi da hantsi kowane gida ya ɗauko dutse daga rafi, ya shafa masa farar ƙasa, ya ajiye a kan nasa. Waɗanda ba a san mai su ba, tsohuwa Pechi ta bi tana nunawa da sanda: nan matar wanzami, nan tagwayen da zazzaɓi ya ɗauka. Da rana ta yi tsaka, gangaren nan fari fat tsakanin kore, ana hango shi daga barandar otel. Ban san muna da yawa haka a ƙasa ba. Kitnan da ya ce ba ruwansa, shi na tarar yana kuka a kan na uwarsa.

Mutumin ƙungiyar ƙwadago ya zo da farar rigarsa, ya ci gurasar roti biyu, ya ce za a duba. Har yau ana dubawa. Wata lauya daga gari ce ta saurare mu, ta ce za ta kai maganar kotu.

Na sauka ƙauyen Sinhalawa, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar nan, da ke gindin gangarenmu. Daga can ne aka taso mana a shekarar gobara. Na ce musu in aka yanke gangaren, laka ce za ta cika rafin da suke sha. Wani ya ce, "Ku koma Indiya ku binne matattunku." Sai wata dattijuwa, Podi Nona, ta ce masa ya rufe baki, ta ba ni shayi a kofin gidanta. Ta yi alkawari za su hau.

Ba zan ɓoye maka ba, an daina kiran sunana da safe, babu aiki ke nan. Wani mai farin kaya ya je shagon Muttu yana tambayar wa nake rubuta wa a Colombo. In na ji ƙarar mota a ƙasan layi, sai in kashe fitila in laɓe bayan ƙofa. Kada ka gaya wa kowa na faɗi haka.

Yayarka,
Kanagam

Colombo
Oktoba, 1998

Zuwa ga surukina Kitnan,

Ina gaishe ka da girmamawa. Wasiƙa biyu na aika wa Akka, shiru. Jiya ina naɗe wa wata mata busasshen kifi a tsohuwar jarida, idona ya faɗa kan 'yan layuka: an kama ma'aikata mata a wata gonar shayi bisa zargin taimakon 'yan tawaye. Ba suna, ba sunan gona. Ina roƙon ka, ko layi ɗaya ne ka sa a rubuto mini. Kada ka tausaya mini, ka faɗi yadda abin yake.

Naka,
Sinniah

Layin Sama
Oktoba, 1998

Sinniah,

Gaisuwa. Muttu ne ke rubutawa, ni Kitnan nake faɗa, ka san hannuna bai saba da alƙalami ba.

Ita ce. Sun zo tana tankaɗe gari, suka tafi da ita da mata biyu. Da gari a hannunta ta shiga motar. Sun ce duwatsun nan alama ce ake yi wa 'yan tawaye. Tana tsare a babban gari. Sau ɗaya na gan ta, ta rame, kuma abin da ta fara tambaya shi ne ko an taɓa gangaren.

Washegarin kamun suka kawo katafila, suna zaton ba mai fitowa. Surukata Amma ta riga kowa, ta zauna kan Appa da lemarta. Tsofaffi suka bi ta. Podi Nona ta hau da matan ƙauyensu, suka zauna cikinmu. Direban ya fara ta gefen da ba kowa. Turi ɗaya ya yi, ƙasa ta juyo da ƙashin hannu, da awarwaro a jiki. Ya kashe inji ya sauko. Manaja yana ihu, shi kuwa ya ce, "An ce mini shayi zan ture." Ya ajiye makulli a kan kujera ya tafi da ƙafa.

Tun ranar ba wanda ya tsinki ganye a Ardenlo. Gonaki biyu na maƙwabta sun bi mu. Abinci ya yi ƙasa, yara suna tambayar uwarsu. Lauya ta ce in aka sami ɗan'uwa mai aiki a birni ya tsaya mata, zai taimaka wajen beli. Ban ce ka zo ba. Na san hanya. Na dai faɗa maka yadda abin yake.

Kitnan

Colombo
Nuwamba, 1998

Surukina,

Na gode. Na nemi takardar 'yan sanda, sun ce in dawo wata mai zuwa. Ba zan jira ba. Zan hau jirgin ƙasa na safiyar Asabar. Kada a gaya wa Amma, kada ta wuni a tasha cikin sanyi. Ka ce wa Akka ina tafe.

Sinniah

Layin Sama
Disamba, 1998

Zuwa ga Nadesan mai kantin shinkafa, Colombo,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da ladabi. Ba ka san ni ba, ni ce Kanagam, yayar yaronka Sinniah.

An sake ni ranar Litinin, lauya ta samo wani ya tsaya mini. Kotu ta ce kamfani ya dakata sai an saurari maganarmu. Na dawo gida aka ba ni wasiƙar ƙanena, wai zai hau jirgin Asabar. Asabar uku sun wuce. Mijina ya tambaya a tasharmu da ta gaba da ita, ba wanda ya gan shi. An ce ana sauke mutane a hanya.

Ina roƙon ka, ka rubuto ta hannun Muttu tela: ka ga fitarsa da idonka? Wace riga ya sa? In kuwa yana nan wurinka, ya je tasha ne zuciyarsa ta karye ya komo, kunya ta hana shi rubutu, ka ce masa ba mai fushi da shi. Ka ce masa addu'ata ke nan safe da yamma, a ce tsoro ne ya hana shi tahowa.

Mai jiran amsarka,
Kanagam