Faifan Lemuel Ya Iso

Talata, 6 ga Maris, 1956
Ƙunshi daga Memphis. Faifai ne ɗan ƙarami, baƙi wuluk, yana sheƙi. Na ɗora yatsa ina bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: LEMUEL GAINES. Ɗana. Ni da kaina na karanta, ban kira kowa ba. Shekara biyun da na yi a ajin manya ba su tafi a banza ba.
Sai dai babu Yesu a sunan waƙar. Wata Loretta ce a wurin. Wace ce Loretta?

Laraba, 7 ga Maris
Faifan ya ƙi zama a garmahon marigayi mijina, ramin tsakiyarsa ya yi faɗi. Na huda murfin kwalba na cike ramin, na wana, na ɗora allura. Abin da ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa, da gudu kuma. Na zauna na yi kuka. Me suke ba yaron nan a can?

Alhamis, 8 ga Maris
Verlene maƙwabciyata ta yi dariya har ta riƙe ƙyaure. Wai sababbin faifai a hankali suke juyawa, garmahona kuwa na zamanin Nuhu ne, allurarsa ma cinye faifan za ta yi. "Ozella, saura ƙiris ki kashe ɗanki da ƙusa."
Ta ce waƙar tana cikin akwatin kiɗa na shagon Buford, lamba goma sha huɗu. Wurin giya. Bara aka tsayar da Pearlie, wata 'yar cocinmu, gaban coci aka karɓe farar rigarta ta zumuntar mata, don kawai an gan ta a bakin ƙofar.

Lahadi, 11 ga Maris
Fasto ya yi wa'azi kan masu ɗaukar kiɗan Ubangiji su kai kasuwa. Shi bai dube ni ba, sauran duk sun duba. Kujerar Lemuel cikin mawaƙa har yau babu kowa. Gobe zan rubuta masa ya dawo gida.

Litinin, 12 ga Maris
Guga ta yi yawa. Ban rubuta ba.

Alhamis, 15 ga Maris
Ni ke wanke wa Buford mayafan tebur, kullum a ƙofar baya nake ajiyewa. Yau da hantsi ya leƙo. "Mama Ozella, shigo mana. Shaiɗan ba ya fara aiki sai la'asar."
Na shiga rungume da kwandona, ko an gan ni a ce aiki ne. Ya danna lambar.
Ya Ubangiji. Muryarsa ce, lafiyarta lau, ta yi kauri kamar ta ubansa. Karin kuwa namu ne na ranar baftisma a rafi, sai dai inda muke kiran Sunan Yesu, shi Loretta yake kira. Na so in ji haushi, ƙafata da ta kama bin kiɗan ta hana ni. Mai girkin shagon ta fito da ludayi a hannu tana rawa, wai da gaske ni na haifi wannan? Na ce ni ce, kwana biyu ina naƙudarsa.
Sau uku muka ji.

Asabar, 17 ga Maris
Verlene ta ce Dattijo Moss na cocinmu ya ga fitowata daga shagon Buford.

Lahadi, 18 ga Maris
Na sa farar rigata na tafi. Bayan sujada Dattijo Moss ya tare ni a gindin bishiya, fuska a murtuke. Na fara kawo zancen mayafan tebur. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya. "'Yar'uwa Ozella, lamba nawa ne?"

Litinin, 19 ga Maris
Na rubuta wa Lemuel. Layi takwas, awa biyu. Na ce ya riƙa cin abinci, ya riƙa zuwa coci, ya kuma gaya mini ko Loretta ta iya girki. Na ce a baiti na biyu yana jan numfashi a tsakiyar kalma, ba haka na koya masa ba, ya gyara a faifai na gaba.
Sai da na liƙe ambulan na tuna ban ce ya dawo ba. Ya riga ya bushe. Ba zan ɓata ambulan mai kyau ba.